Linux Mint ya ƙi ɗoruwa har sau uku, daga ina matsalar take?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman agaji. Wani bawan Allah ya kawo tsohuwar laftof shagon maigidana, ya ce Windows ta yi mata nauyi, a sa masa Linux Mint, wani tsarin kwamfuta da ake sawa a madadin Windows. Na kwana ina sauke fayil ɗin ISO, wato wanda ake ɗora tsarin da shi, da datar dare, kusan giga 3, netwok yana yankewa ina ci gaba daga inda ya tsaya. Da safe na zuba shi a filashina mai Ventoy, manhajar da ke sa kwamfuta ta tashi daga filashi, ya tashi lafiya lau, amma da aikin ɗorawa ya yi nisa sai ya tsaya ya rubuto Errno 5, saƙon kuskuren karanta ko rubuta bayanai. Sau uku ke nan. Mai kwamfuta ya zo jiya ya koma, gobe da la'asar zai dawo. Maigida yana cewa hadis ɗinta (hard disk) ne ya mutu, ni kuma zuciyata ba ta ba ni haka ba, don na gwada hadis ɗin bai nuna komai ba.

Sadiq: Wa alaikumus salam. Fayil ɗin ne ya lalace a hanya. Goge shi ka sake saukewa, ka huta.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam, Nura. Kada ka goge komai tukuna. Giga 3 ba abin wasa ba ne a wannan tsadar data, kuma ba mu ma tabbatar fayil ɗin ne ke da laifi ba. Je ka shafin Linux Mint, wurin da ka sauke. Akwai wani ɗan fayil mai suna sha256sum.txt. Buɗe shi, za ka ga sunan ISO ɗinka, a gefensa akwai dogon layi na haruffa da lambobi guda 64. Sai ka sa kwamfutarka ta lissafo nata. In Windows kake, buɗe PowerShell a cikin foldar da fayil ɗin yake, ka rubuta

Get-FileHash sunanfayil.iso

Ba shi minti ɗaya ko biyu. Abin da ya fito, ka gwada shi da na shafinsu. In a Linux ne, sha256sum sunanfayil.iso. A Mac kuma shasum -a 256.

Nura: To Yallaɓai, bari in gwada.

Nura: Na yi. Ko kusa ba su yi kama ba, tun daga harafin farko. Amma abin da ya ɗaure min kai, girman fayil ɗin daidai yake da abin da ya kamata. In ya lalace ai sai in ga ya ragu ko?

Aisha: Ba lallai ba ne, Nura. Girma kamar auna buhu ne a sikeli, za ka san nauyinsa amma ba za ka san ko an zuba tsakuwa a madadin tiya ɗaya ta gero ba. Ita wannan lamba da ake kira hash, lissafi ne da ke bin fayil ɗin daga farko har ƙarshe, ba ya tsallake ko ɗigo. Malaminmu yana ce mata zanen yatsan fayil. An tsara lissafin ne ta yadda in ɗigo ɗaya tak ya sauya a cikin giga 3 ɗin, lambar gaba ɗaya za ta birkice. Saboda haka bambancin da ka gani ba ya nufin ɓarnar tana da yawa. Ta yiwu ɗan gutsure ne kawai ya samu matsala lokacin da netwok ya yanke ka ci gaba.

Malam Ilu: Salamu alaikum daga Damagaram. Nura, tunda haka ne, akwai dabarar da muke yi a nan, don mu ma datar ba ta isarmu. A shafin Mint ɗin akwai fayil na torent, ƙarami ne ƙwarai. Sauke shi, ka buɗe da qBittorrent, ka nuna masa foldar da lalataccen ISO ɗinka yake. Ka tabbata sunan fayil ɗin bai canza ba. Sai ka umarce shi ya sake bincikar fayil ɗin. Shi torent yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da tata lambar tantancewa. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke da lafiya ya bar su, waɗanda suka lalace su kaɗai zai sake saukowa. Na sha ceto fayil da data kaɗan ta haka.

Nura: Allah ya saka da alheri, Malam. Wallahi ban taɓa sanin ana haka ba. Yanzu zan yi.

Sadiq: Ni fa ina da ja a kan wannan lamarin gaba ɗaya. Shekara nawa ina sauke manhajoji ban taɓa duba wata lamba ba, kuma ba abin da ya same ni. Yanzu kusan kowane shafi yana da HTTPS, ga ɗan kwaɗo nan a saman burauza. Shi kansa yana tabbatar da cewa abin da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta turo shi ya iso, ba a taɓa shi a hanya ba. To wahalar ta mece ce? Na Nura daban ne, shi netwok ne ya yi ta yanke masa.

Injiniya Bashir: Sadiq, rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba. HTTPS yana tsare hanya tsakaninka da sabar da kake magana da ita. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, yawancin rabe-raben Linux ba daga saba ɗaya ake sauke su ba. Jami'o'i da kamfanoni a ƙasashe daban-daban suna ajiye kwafi don rage cunkoso, kai kuma kana zaɓar wadda ta fi kusa da kai. Kwaɗon da kake gani yana ce maka ne kana magana da waccan jami'ar da gaske. Bai ce maka kwafin da ke ajiye a wurinta mai kyau ba ne. Na biyu, aikinsa yana ƙarewa ne da zarar fayil ya sauka. Mu a sana'armu daga nan tafiyar ke farawa. Daga laftof zuwa filashi, daga filashi zuwa hadis na waje, a tura wa abokin aiki ta Xender, shi ma ya ba wa yaronsa. Fayil ɗaya sai ya bi hannu goma a kasuwa kafin ya shiga kwamfutar kwastoma. A duk wannan zagayen babu wani kwaɗo.

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Injiniya ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta a makarantar da nake koyarwa. Bara mun karɓi kwafin wata manhajar koyar da ɗalibai daga hannun wani abokin aiki, muka kwana biyu muna ɗorawa a kwamfutoci. Ranar da yara suka zauna, sai ta riƙa rufe kanta a wuri guda a kowace kwamfuta. Na ga yarinya ta ɗaga hannu, ta kusa da ita ma ta ɗaga, kafin in kai ƙarshen layi duk ajin hannu a sama. Sati guda muna zargin wutar janareta, muna zargin tsufan kwamfutocin. Ashe kwafin da muka yaɗa ne gurgu tun daga tushe. Da na san wannan abin, da minti biyu sun wadatar. Tambayata ita ce, wasu shafukan MD5 suke bayarwa, wasu SHA-1, wasu SHA-256. Duk ɗaya ne?

Aisha: Ba ɗaya ba ne, Malama. Ko da ido za ki bambance su: MD5 haruffa 32 ne, SHA-1 40, SHA-256 kuma 64. MD5 ya tsufa, Ron Rivest ne ya ƙirƙiro shi a 1991. A 2004 wata masaniyar lissafi 'yar ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, da abokan aikinta suka nuna yadda za a haɗa fayil biyu mabambanta su ba da MD5 iri ɗaya. Abin bai tsaya a takarda ba, a 2012 an gano wata muguwar manhaja mai suna Flame da ta yi amfani da wannan raunin ta ƙirƙiri takardar shaidar bogi kamar daga Microsoft ta fito. SHA-1 ya bi sahu a Fabrairun 2017, lokacin da Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF guda biyu, abin da ke ciki daban, lambar SHA-1 ɗinsu ɗaya. In akwai zaɓi, ki ɗauki SHA-256.

Sadiq: Amma Aisha, ki faɗi gaskiya duka. Matsalar Malama da ta Nura ba ta masu kutse ba ce, lalacewa ce ta tsautsayi. Tsautsayi ba ya zama ya ƙera fayil mai MD5 iri ɗaya. In MD5 kaɗai shafi ya bayar, ya isa ya kama irin wannan.

Injiniya Bashir: A nan kam ina tare da Sadiq. In tambayarka ita ce ko fayil ya gurgunce a hanya, MD5 zai amsa maka. Kada wani ya ga MD5 ya ce ba shi da amfani ya fasa dubawa kwata-kwata. Inda ba a dogara da shi shi ne inda akwai mai mugun nufi. Tambayoyi biyu ne daban, kuma rikita su shi ne kuskuren da na fi gani a wurin matasanmu.

Nura: Alhamdu lillahi! Malam Ilu, dabarar ta yi. Da ya gama bincike sai ya nuna saura ɗan kaɗan, ya sauko da shi cikin 'yan daƙiƙu. Na sake Get-FileHash, yanzu lambar ta yi daidai da ta shafinsu. Ke nan fayil ɗina tsaf yake, babu lalacewa babu ƙwayar cuta?

Injiniya Bashir: Babu lalacewa, wannan ka tabbatar. Maganar ƙwayar cuta kuwa, zauna in ba ka labarin wannan Mint ɗin da kake riƙe da shi. Ranar 20 ga Fabrairu 2016 wasu suka kutsa shafin Linux Mint, suka canza mahaɗin saukewa ya koma wata saba a Bulgeriya. A can sun ajiye ISO na Mint 17.3 Cinnamon da suka dasa wa ɓarauniyar hanya, wata manhaja da ake kira Tsunami, wadda ke ba su damar juya kwamfutar mutum daga nesa. Wanda ya sauke a ranar ya ɗora, komai yana aiki daidai, ba Errno 5 ba komai. Clement Lefebvre, jagoran aikin, shi ya fito ya sanar, har ya ce wa mutane su duba ko akwai wani fayil a /var/lib/man.cy, in akwai to gurɓataccen kwafi ne. Waɗanda suka sauke ta torent abin bai shafe su ba.

Yanzu ka yi tunani. Mutumin da ya iya shiga shafin ya canza mahaɗi, me zai hana shi canza lambar da ke rubuce a shafin? Sai ka sauke gurɓataccen fayil, ka lissafa, ka gwada da lambar da shi ɓarawon ya rubuta, su yi daidai, ka yi hamdala. Lissafin bai yi ƙarya ba. Wanda ya ba ka lambar ne ba wanda kake zato ba.

Malam Ilu: Kamar aika kuɗi ne ta hannun direba a tasha. In ka rubuta adadin a bayan ambulan, wanda ya zare wani abu sai ya sake ambulan ya rubuta sabon adadi. Shi ya sa muke buga waya mu gaya wa mai karɓa nawa ne a ciki. Saƙo ya bi mota, adadi ya bi waya.

Nura: Innalillahi. To Yallaɓai, mu wace wayar za mu buga?

Injiniya Bashir: Kusa da sha256sum.txt akwai ɗan uwansa, sha256sum.txt.gpg. Wannan shi ne hatimi. Masu Mint suna da mabuɗi mai ɓangare biyu. Ɗaya na sirri ne, yana hannunsu, da shi suke buga hatimi a kan jerin lambobin. Ɗayan na kowa ne, da shi kake duba hatimin. Wanda ya fasa shafi zai iya canza ISO, ya canza jerin lambobi, amma ba zai iya buga hatimin da zai dace da mabuɗinsu ba sai ya sace na sirrin. Za ka shigo da mabuɗinsu na kowa cikin GnuPG, manhajar duba hatimi, bayanin yana cikin jagorar ɗorawa ta Mint, sannan ka rubuta

gpg --verify sha256sum.txt.gpg sha256sum.txt

In a Windows ne sai ka fara sa Gpg4win. Abin da kake nema ya ce Good signature. Zai ƙara da gargaɗin cewa kai ba ka shaida mabuɗin da kanka ba, kada wannan ya firgita ka, kowa yana ganinsa. Tsarin dai shi ne hatimi ya tsaya wa jerin lambobi, jerin lambobi ya tsaya wa ISO. Ubuntu ma haka suke yi da SHA256SUMS da SHA256SUMS.gpg.

Sadiq: To ai ba a rabu da Bukar ba, Injiniya. Mabuɗin na kowa daga ina zan samo shi? In daga shafin da aka fasa ne, ɓarawon zai sa nasa mabuɗin, ya buga nasa hatimin, GnuPG ya ce min Good signature. Mun dawo gidan jiya.

Aisha: Wannan tambayar ita na yi wa malaminmu a aji. Amsarsa ita ce mabuɗi ba kamar lambar fayil ba ne da ke canzawa duk fitowa. Mabuɗi ɗaya yakan yi shekaru ana amfani da shi, kuma shi ma yana da nasa zanen yatsan, haruffa 40. Wannan zanen ya riga ya bazu, yana cikin tsofaffin jagorori, yana cikin tattaunawar mutane ta shekarun baya, yana cikin kwamfutocin da suka daɗe da Mint. Ɓarawo zai iya canza shafi ɗaya na kwana ɗaya, ba zai iya bin duniya yana goge duk waɗannan ba. Sai ka gwada zanen yatsan daga wurare biyu ko uku da ba su da alaƙa da juna. Da zarar ka samu na gaskiya sau ɗaya, ka ajiye shi, duk fitowar gaba da shi za ka auna.

Malama Hadiza: Wannan ya tuna min da yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Ba a tsayawa ga matani kaɗai, sai an tambayi wa ya ji daga wa, kuma in ruwaya ta zo ta hanyoyi da yawa da ba su haɗu ba sai ta ƙara ƙarfi.

Wata tambayar kuma, ku yi haƙuri da ni. Haruffa 64 ɗin nan suna wahalar da ido, musamman ga mai gilashi irina. Na ga wani yana duba huɗun farko da huɗun ƙarshe kawai ya wuce. Ya halatta?

Malam Ilu: Ni ma haka nake yi, gaskiya.

Injiniya Bashir: Amsar ita ce dai ta ɗazu, Malama. Don kama lalacewar tsautsayi, takwas ɗin sun isa, tunda lambar duka ke birkicewa. Don kama mai niyya, ba su isa ba. Haruffa takwas yiwuwa ce biliyan 4 da 'yan kai, kuma kwamfutar zamani za ta iya yi ta gwaji har ta dace da fayil ɗin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na gaske. Amma me ya sa za ki wahalar da idonki? Bar kwamfuta ta gwada. A Linux, ki ajiye ISO da jerin lambobin a folda ɗaya, ki rubuta

sha256sum -c --ignore-missing sha256sum.txt

Zai ce OK ko FAILED, shi ke nan. A Windows ma akwai hanya mai sauƙi: kwafi lambar da PowerShell ya ba ki, ki buɗe sha256sum.txt a Notepad, ki danna Ctrl da F ki manna. In ya samo ta, daidai ne. PowerShell yana fitar da manyan baƙaƙe, shafin kuma ƙanana, wannan ba bambanci ba ne.

Nura: 'Yan uwa, na dawo kuma. Hatimi ya yi daidai, lamba ta yi daidai. Na goge tsohon da ke filashi na zuba sabon, na fara ɗorawa. Errno 5 ya sake fitowa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ko dai maigida ne ke da gaskiya?

Injiniya Bashir: Kwantar da hankalinka. Wanda ka tantance shi ne kwafin da ke kwamfutarka. Wanda laftof ɗin ke karantawa shi ne na cikin filashi. Ka tantance shi?

Nura: A'a, na ɗauka tunda kwafi ne ai ɗaya ne.

Injiniya Bashir: Cire filashin yadda ya kamata, ka zare shi, ka sake sokawa, sannan ka lissafa lambar ISO ɗin da ke cikinsa. Zarewar tana da muhimmanci. In ba ka zare ba, kwamfuta za ta iya karanto maka abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwarta maimakon abin da ya zauna a filashin da gaske.

Nura: Na yi. Ba ta yi daidai ba! Na sake kwafa, na zare, na soka, na lissafa, wata lambar daban kuma ta fito.

Malam Ilu: To ga ɓarawonka nan. Giga nawa aka rubuta a jikinsa, kuma me da me ke ciki?

Nura: 64. Akwai ISO na Windows guda biyu da wasu kayan gyara. Da araha na saye shi wajen wani mai talla a bakin titi, ko wata biyu bai yi ba.

Malam Ilu: Ina kyautata zaton na jabu ne. Ana sarrafa su su riƙa gaya wa kwamfuta 64 ne alhali ainihin cikinsu bai kai haka ba. Muddin kana cikin iyakar gaskiyar, komai lafiya. Kana wuce ta, sai ya karɓi fayil ya nuna maka suna da girma daidai, amma abin da ke ciki ya tafi. Windows ɗinka biyu sun cinye wuri mai kyau, Mint ya faɗa rami. Kwashe abin da kake so daga ciki, ka gwada shi da H2testw, ƙaramar manhaja ce daga mujallar c't ta Jamus. Tana cika filashi da bayanai ta sake karantawa ta gaya maka nawa ne na gaske. A Linux akwai f3 mai irin wannan aikin. Yana ɗaukar lokaci, ka bar shi ya kwana yana yi. Don aikin gobe kuwa, ari filashin maigidanka.

Sadiq: Wannan kam na sallama, da shawarata Nura ya bi da ya ƙona wata giga 3 a banza matsalar na nan. Amma a ɓangaren tsaro har yanzu ban gamsu ba. CCleaner fa, manhajar share tarkacen kwamfuta? A 2017 an shiga cikin kamfanin da ke yin ta, aka dasa cuta a fitowa ta 5.33, kamfanin da kansa ya buga mata hatiminsa na gaskiya, mutum sama da miliyan 2 suka sauke. Kamfanin SolarWinds a 2020 haka, sabuntawa mai hatimi ta je wa kwastomomi kusan 18,000. Wanda ya duba lamba da hatimi a waɗannan, duk daidai zai gani.

Aisha: Har da xz, manhajar matse fayil da ake amfani da ita a Linux, a Maris 2024, wanda ya fi ba ni tsoro. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi ya zama cikin masu fitarwa, sannan ya dasa ɓarauniyar hanya a 5.6.0 da 5.6.1. Da ɗan gari akan ci gari. Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, shi ya gano, saboda ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyalewa ya bi diddigi. Wani ɓangaren dabarar ma ba ya cikin ma'ajiyar rubutun manhajar da kowa ke karantawa, a cikin ƙunshin da ake rabawa kaɗai aka sa shi.

Injiniya Bashir: Duk abin da kuka faɗa haka yake. Hatimi yana shaida wanda ya fitar da abu, ba ya shaida halinsa ko tsaron gidansa. Wannan yaƙi ne na wani mataki, shi ya sa mutanen Debian, wani nau'in Linux, da wasunsu ke ta ƙoƙarin ganin duk wanda ya harhaɗa manhaja daga tushenta ya samu fayil iri ɗaya sak da wanda aka raba, don a iya kama irin wannan. Ni da kai a shago ba mu da iko a kan wannan. Amma Sadiq, ka ɗauko misalan da dubawa ba ta kamawa ka bar waɗanda take kamawa. A Mayun 2017 an fasa ɗaya daga sabobin da ke raba HandBrake na Mac, manhajar sauya bidiyo, aka musanya fayil ɗin da mai ɗauke da cutar Proton na 'yan kwanaki. Lambar gurɓataccen ba ta dace da ta ainihin ba. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da ɗaya daga masu kamfanin Panic, ƙwararren mai rubuta manhaja, aka sace musu rubutun tushe na manhajojinsu. Ba jahilci ne ya kama shi ba, sauri ne irin wanda dukkanmu muke yi.

Abin da ya fi damuna ma ba waɗannan manyan ba ne. Kwamfutar da ake kawo mana, mai ita yana shiga bankinsa da ita, hotunan iyalinsa na ciki. Ya ba mu amana, mu kuma muna ɗora masa Windows ɗin da ba mu san hannu nawa ya bi ba. Microsoft suna wallafa lambobin SHA-256 na ISO ɗin Windows 11 a shafin saukewa. Mu nawa ne a nan muka taɓa gwada wanda ke filashinmu da su? Na yi shekaru ban yi ba, kuma har yau abin yana damuna in na tuna yawan kwamfutocin da suka bi ta hannuna a lokacin.

Malama Hadiza: Wayoyi fa? Ɗalibaina kullum cikin tura wa juna manhajoji suke.

Aisha: Android yana duba hatimi da kansa, Malama. Kowace manhaja tana da sa hannun mai ita, kuma waya ba ta yarda a sabunta manhaja da fayil mai hatimin wani daban. Shi ya sa in aka turo wa mutum wadda aka yi wa kwaskwarima da sunan ta asali sai ta ƙi hawa kan ta asalin. Abin takaici, maganin da ake ba shi a nan shi ne ya goge ta asalin tukuna. Wayar ta yi masa gargaɗi, shi kuma ya cire mai gadin da hannunsa. A Linux ma apt, mai ɗora manhajoji a Mint, yana duba hatimin ma'ajiya duk lokacin da kika sabunta, ba sai kin yi komai ba. Inda aikin ke dawowa kanmu shi ne abin da muka ɗauko da hannu, irin ISO da fayilolin exe. Su exe, ki danna dama a kai ki shiga Properties, in akwai sashen Digital Signatures ki duba sunan wanda ya sa hannu.

Sadiq: Zan fara duba na ISO da duk abin da ya zo min ta filashin wani. GnuPG kuwa sai na zauna na koya, don gaskiya umarninsa ba sa shiga kaina. Injiniya, in kana da lokaci ranar Asabar ka nuna mana a aikace.

Injiniya Bashir: In sha Allahu, bayan isha'i. Kowa ya sauke sha256sum.txt da na .gpg ɗin kafin lokacin, ba su da nauyi, ba sai da ISO ba.

Malama Hadiza: A sa da ni. Kafin nan zan bi hadis ɗin makaranta in lissafa lambar duk abin da muke ɗorawa, in rubuta su a fayil guda in ajiye kwafi a wayata. Aisha, zan neme ki ta gefe in na maƙale.

Nura: Assalamu alaikum, ina kwananku. H2testw ya gama da asuba: ƙasa da giga 15 ne masu kyau, sauran duk ya ce sun ɓace. Na nuna wa maigida, ya ba ni nasa filashin. Na kwafa, na zare, na soka, na lissafa, lamba ta yi daidai. Mint ya hau tun ƙarfe goma, yanzu haka sabuntawa yake yi. Hadis ɗin lafiyarsa ƙalau. Su ma ISO ɗin Windows biyun da na kwashe daga jabun filashin ban yarda da su ba, yau da dare zan gwada na 11 da lambar Microsoft. Malam Ilu, shi wannan filashin in yar da shi ne, ko akwai yadda za a yi a riƙa amfani da giga 15 ɗin?

Malam Ilu: Ana iya yanke shi a tsaya iya wuri mai kyau, f3 yana yin haka. Amma irinsu ba su da tabbas, yau lafiya gobe babu. Kada ka ƙara sa kayan kwastoma a ciki.